Zazzaɓin da ke biyo bayan sussuka

'Yan'uwana matasa manoman Kebbi, musamman ku masu noman shinkafa a fadamun Argungu da Suru, akwai wani zazzaɓi da muke yi wa gurguwar fahimta. Mutum zai wuni yana sussuka da shiƙa, ko ya sauko da harawar da aka ɗaure da sauran danshi, ya dawo gida ƙura har cikin gashin ido amma lafiyarsa lau, sai bayan sallar Isha'i sanyi ya rufe shi, ga busasshen tari, ga numfashi sama-sama. Washegari ya aika kemis a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan kwana biyu ya miƙe yana yabon maganin, alhali nisantar ƙurar ce ta ba shi sauƙi.

Hatsi ko ciyawar da aka tara ba ta gama bushewa ba takan ɗauki zafi ta yi hunhuna, kuma ƙwayoyin da ke tashi daga cikinta sun yi ƙanƙantar da suke isa can ƙuryar huhu, inda iska ke shiga jini. Ba su ne ke cin huhun da kansu ba. Garkuwar jikin wasu mutane ce ke shaida su tun haɗuwar farko, saboda haka duk ranar da suka dawo sai ta yi musu gayya, huhun ya zama fagen daga ya kumbura, yawanci awa 4 zuwa 8 bayan shaƙar. Tun a 1932 wani likita a Ingila ya bayyana wannan ciwo a tsakanin manoma masu aikin ciyawa. Ba ya yaɗuwa kamar tarin fuka, amma idan kumburin ya yi ta maimaituwa kaka bayan kaka, yakan bar tabon da ba ya gogewa, har magidanci ya riƙa haki daga gida zuwa masallaci.

Don haka ku shanya amfani ya bushe ƙayau kafin ya shiga rumbu ko buhu, ku ba iska baya lokacin shiƙa, ku sa takunkumi irin N95 mai kama fuska sosai, domin ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci manyan ƙaiƙayi kawai yake tarewa. Na san akwai masu ganin sa takunkumi a masussuka ragwanci ne. Ni dai ban ga jarumta a shaƙar buntu ba. Wanda kuma zazzaɓin nan ya saba kama shi, idan ya je asibiti kada ya tsaya a "ina tari". Ya faɗa wa likita aikin da ya yi a ranar, da lokacin da sanyin ya fara.