Yaron da ba a bari ya yi tambaya a lakwal, a ina zai koyi shawara?

Ƴan uwa iyaye da malaman lakwal na Maraɗi, akwai abin da muke yabawa wanda ni tsoro yake ba ni. In aka ce ajin mushe wane ya fi kowane aji kyau, galibi abin da ake nufi shi ne ba yaron da ke motsi. Hannuwa a naɗe, mushe ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, a kwafe cikin kaye, a tashi. Shekara 6 yaro yana haka, daga CI, ajin farko, har CM2, ajin ƙarshe, ba a taɓa jin ta bakinsa ba ko a kan wa zai share aji. Ranar da ya cika shekara 18 sai mu ce ya zaɓi shugaba da hankalinsa, ya jure sauraron wanda suka saɓa, ya tambayi magajin gari inda kuɗin haraji suka shiga. Wa ya koya masa?

Mun yi babban taron ƙasa a 1991, mun yi zaɓuɓɓuka, mun ga juyin mulki a 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Ba lakwal ce ta jawo su ba. Amma ko wane irin mulki aka yi, ƙasa tana buƙatar mutanen da suka iya zama su yi shawara, kuma wannan hali ne da ake sabawa da shi tun ƙuruciya.

A 1896 wani malamin falsafa ɗan Amurka, John Dewey, ya buɗe ƴar makaranta a jami'ar Shikago. Yara suna girki, suna saƙa, suna aikin kafinta da lambu, lissafi kuwa yana fitowa daga awon gari da awon katako. A 1916 ya fitar da littafinsa kan dimokuraɗiyya da ilimi, inda ya nuna cewa dimokuraɗiyya ta wuce tsarin gwamnati, hanyar zama tare ce, don haka dole yaro ya rayu cikinta a aji kafin a nemi ya yi ta a gari.

Na san wani zai ce wannan zancen Turawa ne. To ga namu. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin kimiyya ne, amma a 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka, ya nuna yadda tarbiyyar gargajiya ta haɗe da aiki da rayuwar jama'a, ya kuma kare koyar da yara da harsunansu. Ɗan jiharmu ne, kuma littafin nasa yau shekara 60 ke nan da ɗoriya.

Maganar harshe ita ce zuciyar abin, ku bar ni in tsaya a kanta. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli a unguwar Zariya ko Bagalam, ka ba ta jika guda ka sayi na dala talatin da biyar, kafin ka rufe baki ta ƙirgo maka canjinka daidai. Ita ce kuma gobe da safe za ta yi tsuru-tsuru gaban tablo an ce ta yi ragi, a rubuta mata sifiri, a ce ba ta da kai. Kanta lafiya lau. Tambayar ce aka yi da harshen da ba ta ji. Yaron da ba ya iya faɗin abin da ke ransa ba zai yi gardama ba, ba zai ce “mushe, ban gane ba”, sai dai ya haddace. Manyanmu da yawa suna tuna sambol ɗin da ake rataya wa wanda ya yi Hausa a lakwal. An bar ratayawar, amma shirun da ta haifar yana nan.

Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. A takarda mun gama komai. A aji kuwa, binciken PASEC na 2014, mai auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna ƙasa da yaro 1 cikin 10 ne a ƙarshen firamare ya kai matakin da ake so a karatu, Nijar ce ta zo ƙarshe cikin ƙasashe 10. Duk mai kare haddar da bulala ya dubi wannan sakamakon, don nata ne.

Iyaye suna tsoron kada yara su yi tsaurin ido, kuma ina girmama wannan tsoron. Amma tambaya daban, rashin kunya daban. Hadisi ya ce maganin rashin sani tambaya, Suratu Shura ta yabi waɗanda al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, mu kuma muka ce matambayi ba ya ɓata. Ko a makarantar allo, malam ba ya jan kowa da igiya ɗaya, kowane almajiri da allonsa, sai ya iya ake wankewa a ƙara masa. Dewey kansa a 1938 ya soki makarantun da suka saki yara sakaka da sunan ƴanci. Malami yana nan da girmansa, karatu da rubutu da jadawalin ninkawa dole a iya su.

Malamai kuma, musamman ƴan kwantaragi, za su ce aji ya cika maƙil, littafi ba ya isa, wasu ajujuwan ma rumfar zana ce. Gaskiyarku. Maraɗi, garin da ya binne yara fiye da 20 bayan gobarar ajin zana a watan Nuwamba na 2021, ba ya buƙatar a gaya masa halin da lakwal take ciki. Gina aji haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina nema ba.

Sai dai akwai abin da ba ya cin ko dala. A jiharmu aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, manoma suka riƙa barin toho suna gyara shi har gonaki suka sake cika da itatuwa, duniya ta zo koyo. Me zai hana mushe ya kai ƴan CM1 gona, su ƙirga gawo, su auna inuwarsa, su tambayi manomi dalilin da hatsi ya fi kyau a ƙarƙashinsa, su dawo rukuni-rukuni su yi bayani? Ga lissafi, ga kimiyya, ga iya magana, ga girmama tsohon da bai taɓa shiga aji ba.

Shugaban aji kuma a daina naɗa wanda ya fi ƙarfi don ya rubuta sunan masu surutu. Tun 2004 aka fara zaɓen ƴan COGES, kwamitin kula da lakwal, da ƙuri'ar sirri a jihar Tawa, daga baya abin ya bazu ƙasa. In iyaye sun iya, yara ma za su iya. A tsaya takara, mata da maza, a jefa ƙuri'a cikin kwali, a ƙirga gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa abokinsa hannu. Ƙarshen wata shugaban ya tashi ya faɗi abin da ya yi da kuɗin tsintsiya da alli, ƴan aji su yi masa tambayoyi, mushe yana gefe yana tsare tsari. Wannan shawarar zan kai taron iyayen yara na unguwarmu, kuma ina roƙon malaman da suka riga suka gwada irinta su gaya mana inda ta ba su wahala.