Carbin Jini Mai Daraja: yadda ake jan sa, ga mu mazauna Saudiyya

'Yan'uwa Katolika da ke aiki a Riyad, Jidda, Dammam da sauran garuruwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Kowa ya san irin zaman da muke yi. Babu ginin coci a ƙasar nan, Bishop ɗin da ke kula da mu ma a Bahrain yake, wani kuma sai ya koma gida hutu kafin ya sake ganin Fada. Abin da ke hannunmu kullum shi ne addu'ar cikin ɗaki, shi ya sa ya kamata mu iya ta da kyau. Carbin Jini Mai Daraja na Yesu ya dace da wannan zama ƙwarai, sai dai da yawa suna jan sa a hargitse.

Fada Francesco Albertini, wanda ya kafa zumuntar Jini Mai Daraja a 1808, shi ne ya tsara shi a Roma. Almajirinsa, Waliyyi Gaspar del Bufalo, shi ya yaɗa shi, ya kuma kafa ƙungiyar masu bishara ta Jini Mai Daraja a 1815. Dukansu biyu an kore su daga Roma a 1810 don sun ƙi yi wa Napoleon, sarkin Faransa, rantsuwar biyayya, saboda haka sun san ɗacin yin addu'a nesa da gida.

Ƙwayoyinsa 33 ne, adadin shekarun Ubangiji a duniya, kuma a kan kowace ƙwaya "Ubanmu" ake yi, ba "A gaishe ki Maryamu" ba. An kasa su gida bakwai: shida na farko biyar-biyar, na ƙarshe uku. A nan ne mutane suka fi kuskure, hannu ya saba da biyar sai a zarce da biyar a na bakwai, lissafi ya koma 35. Wasu kuma suna haɗa shi da wani carbin mai kama da shi a suna, wanda ya fito daga Olo a jihar Enugu, mai ƙwaya sha biyu-sha biyu sau biyar. Addu'o'insu daban ne, kada a ɗebi na wannan a zuba a wancan.

Ana farawa da alamar gicciye, a ce "Ya Allah, ka zo ka taimake ni, ya Ubangiji, ka hanzarta ka agaje ni", sai "Ɗaukaka ga Uba". Daga nan a ambaci asiri na farko, wato abin da ya sami Yesu wanda ake tunani a kai a wannan gida, a yi shiru kaɗan, a ja "Ubanmu" biyar, a yi "Ɗaukaka" ɗaya, a rufe da roƙon nan: "Muna roƙonka, ka taimaki bayinka waɗanda ka fansa da Jininka Mai Daraja." Haka za a bi kowane gida.

Asiran su ne wurare bakwai da Yesu ya zubar da jini. Na farko kaciyarsa a rana ta takwas (Luka 2:21), kuma shi ake yawan wucewa da sauri, alhali a nan ne aka ba shi suna Yesu, wato Mai Ceto. Tun yana jariri jinin fansa ya fara zuba. Na biyu gonar Jatsaimani, inda guminsa ya zama kamar ɗigon jini (Luka 22:44). Ku daɗe a wannan. Babu bulala tukuna, babu ƙusa, tsoro da kaɗaici ne kawai, abokansa suna barci. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ma'aikata idonsa biyu, ba wanda zai kai wa kuka, ya san abin da ake magana. Sai bulala, rawanin ƙaya, ɗaukar gicciye zuwa Kalfari, gicciyewa, da na bakwai, sukar mashi a kuiɓinsa inda jini da ruwa suka fito (Yohanna 19:34).

Idan aka natsu, yakan ci kusan minti 20. Wanda ya gama a minti bakwai, haddar baki ya yi kawai. Mai aikin gida da ba ta da lokacin kanta, ko nas mai kwana a asibiti, gara ta ɗauki asiri ɗaya kowace rana, ta gama bakwai ɗin a mako, ta ja shi duka ranar Juma'a idan an sami hutu.

Batun carbin kansa: da wuya ku same shi a kasuwa a nan. Amma tasbaha mai ƙwaya 33 tana ko'ina, adadin kuwa daidai yake. Matsalarta ita ce yawancinta an raba ta sha ɗaya-sha ɗaya, don haka alamominta za su ɓatar da ku. A kwance ta, a sake shirya ƙwayoyin a zaren nailan mai ƙarfi, a yi ƙulli babba bayan kowace biyar, a bar uku a ƙarshe. Zaren ɗinki ba ya jimre gumi, ba ya daɗewa yake tsinkewa. Ja aka fi amfani da shi saboda jini, amma launi ba farilla ba ne. In babu komai, yatsun hannun dama su ƙirga "Ubanmu", gaɓoɓin yatsun hagu su riƙe asiri. Dokar ƙasar nan ba ta yarda da ibadar wani addini a fili ba. Ku bar shi a aljihu ko ƙarƙashin matashi, ba a wuya ko madubin mota ba.

Ga abin da ya fi damuna. Wasu sun mai da Jinin Yesu kamar laya: a rataya carbi don kada kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamanka a nan, ya yi faɗa, ko a ja shi ana jifan uwar ɗaki da bakin addu'a. Manzo Bitrus ya tuna mana cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Kristi ne (1 Bitrus 1:18-19), jinin kuwa domin uwar ɗakin ma aka zubar da shi. A cikin "Ubanmu", sau 33 za ka ce a gafarta maka kamar yadda kake gafarta wa masu yi maka laifi. To, da wace zuciya kake faɗa? Wannan bai hana ka bin haƙƙinka ba. In an riƙe maka albashi ko fasfo, kai ƙara inda doka ta tanada, amma ka saka sunan mutumin a asiri na shida, inda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Kada kuma a ɗauka carbi ya maye gurbin Misa ko furta zunubi a gaban Fada. Wanda ba shi da halin zuwa Misa ba shi da laifi, amma duk ranar da ka sauka a gida, ko ka sami hanyar zuwa Bahrain, ka fara da neman Fada. Watan Yuli shi ne watan Jini Mai Daraja. A cikinsa, bayan an gama asiri na bakwai, a ƙara da Litani na Jini Mai Daraja, wato jerin gajerun roƙe-roƙe, wanda Paparoma Yohanna na 23 ya amince da shi a 1960.