Datse wutsiyar mRNA a ƙwan kwaɗo ba ya nufin an rushe shi

Yana damuna yadda ɗalibai da yawa ke ɗauka cewa da zarar wutsiyar poly(A), wato jerin sinadarin adenine da ke ƙarshen mRNA (saƙon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin), ta gajarce, shi ke nan mRNA ya lalace. Suna da hujja, domin haka abin yake a yawancin ƙwayoyin jiki.

Amma a ƙwan kwaɗon Xenopus, bayan maniyyi ya shiga, saƙon da aka datse wa wutsiya yana nan daram, sai dai kawai ana daina amfani da shi wajen haɗa furotin. Ɗauki saƙon c-mos, wanda daga shi ake haɗa furotin Mos: furotin EDEN-BP na kama wani gurbi a jikinsa, sai a datse wutsiyar. Dole a yi hakan, tunda Mos ne ke hana ƙwan rabuwa. Rushewar kuwa sai bayan ƙwan ya rabu wajen sau 12, lokacin da ƙwayoyin gadon ɗan tayin suka karɓi aiki.