Hutun ƙarshen shekara a ƙetare: wa zai riƙe maka dabbar?

Da Disamba ta kama, baƙin da aiki ya kai birane masu zafi irin su Jakarta, Singafo ko Dar es Salaam sai su kasu gida biyu. Wasu su haɗa kaya su tafi ganin gida, wasu su zauna suna bin liyafa daga wannan gida zuwa wancan don kashe kewa. A tsakaninsu akwai wanda ba a shawara da shi: kyanwa ko karen da aka ɗauko a watan da kaɗaici ya yi wa mutum yawa. Ba muhawarar dacewar ajiye su a gida nake yi ba, kowa da fahimtarsa. Maganata da wanda ya riga ya ɗauka ce. A ganina, wanda bai tsara yadda zai yi da dabbarsa lokacin hutu tun watan Oktoba ba, ya ɗauki amanar da bai shirya mata ba.

Matsalar daga zumuncin baƙi take farawa. Abota ce mai saurin ƙulluwa, amma kusan kowa kalandarsa ɗaya. Makarantun yara suna rufewa a tare, ofisoshi ma haka. Maƙwabciyar da ta ce maka "kawo ta wurina, ba komai" a watan Yuni, ita ma tikitinta na 20 ga Disamba ne. Gidajen ajiyar dabbobi kuwa suna cika tun da wuri, kuma mai kyau ba zai karɓi dabbar da katin rigakafinta bai cika ba.

To a tafi da ita mana? Ga inda da yawa ke shan mamaki. Mai son shiga Tarayyar Turai da kare ko kyanwa daga ƙasar da ba ta cikin jerin waɗanda suka shawo kan ciwon haukan kare, matakai ne a jere, ba a tsallake ko ɗaya. Da farko a dasa maikurocif, ɗan guntu mai girman ƙwayar shinkafa mai ɗauke da lambobin shaida guda 15, a ƙarƙashin fata. Bayan haka a yi allurar haukan kare; in allurar ta riga guntun, ba a lissafa ta, sai an sake. A jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini a kai ɗakin gwajin da suka amince da shi, sakamakon awon ƙarfin rigakafin ya kai 0.5 ko sama. Sannan a ƙirga wata uku cur daga ranar ɗiban jinin. Wata huɗu ke nan in komai ya tafi daidai, wato mai son tafiya a Disamba tun Agusta ya kamata ya fara. Amurka ma daga 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba ko marar guntun. Shawarata: a yi gwajin jinin nan tun ba a da niyyar tafiya, domin muddin ba a bar wa'adin allurar ya wuce ba a sabunta ba, ba sai an maimaita shi ba. Kwantiragi kan ƙare ba zato, kuma a irin wannan ranar ce ake barin dabbobi a titi.

Amma don hutun mako biyu ko uku, ni ban ga dalilin saka dabba a jirgi ba. Masu gajeren hanci, irin karen fug da buldog da kyanwar Farisa, numfashinsu da ƙyar ne ko a ƙasa, shi ya sa kamfanonin jirage da yawa ba sa ɗaukarsu a ɗakin kaya. Kyanwa kuma wuri take so fiye da tafiya. A bar ta a gidanta, a samo mai shigowa sau biyu a rana, a biya shi. Wanda aka biya ana iya yi masa tambaya, wanda ya yi alfarma sai dai godiya.

Kuma a rubuta masa komai a takarda, a manna a jikin firiji. Nawa ake auna abinci, ƙarfe nawa. Lambar likitan dabbobi da ta asibitin da ke buɗe da dare, tare da izinin kashe kuɗi in ta ɓaci. Ranar ba da maganin tsutsar zuciya, wadda sauro ke yaɗawa: a ƙasar da sauro ba ya hutu duk shekara, ƙwayar wata-wata ce, tana kashe ƙananan tsutsotsin da suka shiga jiki a makonnin baya, in aka yi ta tsallakewa suka girma ta daina yi musu komai. Maganin kaska na kare mai sinadarin fametirin kada ya taɓa kyanwa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ya kashe ta. Farasitamol ma haka, ƙwaya ɗaya ta isa. Abincin gwangwani a kwashe ragowarsa bayan awa ɗaya, busasshen kuma a rufe shi a mazubi mai murfi, don laima na sa shi fumfuna. Abu biyu ba a jira gari ya waye a kansu: kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, da muzurun da ke ta tsugunno yana yunƙuri fitsari bai fita.

Waɗanda suka zauna ma ba su tsira ba, don liyafar kanta haɗari ce. Baƙo mai kirki zai miƙa wa kare guntun cakulan a ƙarƙashin tebur, bai san akwai sinadarin da jikin kare ke daɗewa bai fitar ba, kuma baƙin cakulan ya fi muni. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙoda, albasa da tafarnuwa suna lalata jini, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Ƙofa kuma tana ta buɗuwa. Daren 31 ga wata, da wasan wuta ya fara, karen da bai taɓa ƙetare katanga ba zai ƙetare. A fita da shi tun da sauran haske, a sa shi a ɗaki na ciki, a ja labule, a kunna rediyo ko fanka mai ƙara, a bar masa wurin ɓuya, a faɗa wa baƙi ɗakin nan ba a buɗewa.

Sai zafi, wanda ɗan ƙasar sanyi ke rainawa saboda a ransa Disamba lokacin dusar ƙanƙara ce. A waɗannan birane kuwa, ko a Disamba zafi ake yi. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, in iska ta cika da laima hakin ba ya aiki sosai. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne. Ya haura 41, kayan ciki sun fara lalacewa. Motar da aka rufe a rana tana ƙara kusan digiri 10 cikin minti goma, sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa. Kafin fita yawo a ɗora bayan hannu a kan kwalta a ƙirga bakwai, in hannu bai jure ba tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. In aka ga dalala mai kauri, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi, to a fara sanyaya shi nan take kafin a nufi asibiti: inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, a sa fanka. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. Wannan ma a rubuta wa mai kula, har da abin da zai yi in wuta ta ɗauke da rana na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya: wace taga zai buɗe, wane ɗaki ya fi sanyi, da inda aka ajiye mabuɗi na biyu.