Tashin gwaji ba shi ne gama jirgi ba

A majalisun Ringim da Gumel, da an ga bidiyon sabon jirgi ya tashi a waya, sai a ce an gama, saura ɗaukar fasinja zuwa Dutse. Ina! Tashin farko somin-taɓi ne.

Kamfanin Mitsubishi na Japan ya ƙaddamar da aikin MRJ a 2008, jirgin matsakaicin zango mai kujeru 70 zuwa 90, da niyyar fara miƙa shi ga kamfanonin jiragen sama a 2013. Bai tashi ba sai Nuwambar 2015. Abin da ya ci shi takardar shaidar aminci ce: dole a nuna wa hukuma, a rubuce da kuma a gwaji, cewa idan wani sashe ya lalace jirgin zai sauka lafiya. A 2017 aka ga sai an sauya wa na'urorin lantarki wuri, an sake shimfiɗa wayoyi, don kada yoyon ruwa ko fashewa su kashe su lokaci guda.

Ga matsalar kasuwa kuma. A Amurka yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiyoyin matuƙa da kamfanonin jiragen sama ta ƙayyade irin wannan jirgi ga kujeru 76 da nauyin kusan tan 39, shi kuwa MRJ90, wato samfurin mai kujeru kusan 90, ya zarce. Bayan ɗage ranar miƙawa sau 6, aka soke aikin a Fabrairun 2023.