Matasa Masu Wa'azi, Kada Ku Yanke Wa Annabawa Magana A Baki

'Yan'uwana matasa, musamman ku da aka fara ba ku damar tsayawa gaban jama'a, ko a zumuntar matasa, ko a ajin Lahadi, ko a taron addu'ar gida, ina gaishe ku. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu wajen karatun littattafan annabawan Ibraniyawa, gara kuma a faɗe ta tun ba ta zama jiki ba. Muna shiga littafin annabi kamar mai tsintar nama a miya: mu ɗauke ayar alkawari, mu ture sauran gefe. Wasu kuma ayar hukunci suke ɗaukowa su maka wa wanda ba sa ga-maciji da shi. Dukansu sun yanke wa annabi magana a baki.

Ku duba Irmiya 29:11, inda Allah yake cewa shirin da yake yi wa jama'arsa na alheri ne, ba na masifa ba, domin ya ba su makoma. Ana manna ta a gilashin mota, ana tura wa mai shirin jarrabawa. Babu laifi mutum ya sami ƙarfin zuciya a cikinta, amma mutum nawa ne suka karanta aya ta 1 zuwa ta 10? Ayar nan layi ɗaya ce a cikin wasiƙa. Irmiya ya rubuta ta daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, har da Sarki Yekoniya da mahaifiyarsa da fadawa da maƙera da sauran masu sana'a. Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya ne suka kai ta. Abin da ke ciki kuwa ba shi mutanen suke marmarin ji ba. An ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, har su yi masa addu'a, domin babu komowa sai shekara 70 ta cika. Ku yi lissafi da kanku. Magidancin da ke da shekara 30 ranar da aka karanta wasiƙar, ai an shaida masa ke nan a Babila za a binne shi. Kuma "ku" ɗin da ke cikin aya ta 11 jam'i ne a Ibrananci, al'umma ake nufi, har da jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Sura ɗaya kafin wannan akwai mutumin da ya kamata ku ji tsoron zama irinsa. Hananiya ɗan Azzur, mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali a gaban firistoci da jama'a, ya ce da sunan Ubangiji cikin shekara 2 za a dawo da kayan Haikali da sarki da dukan kamammu. Irmiya na sanye da karkiyar itace a wuya, alamar miƙa wuya ga Babila. Hananiya ya cire ta ya karya a idon kowa. Irmiya ma da farko "Amin" ya ce, domin shi ma abin da zuciyarsa ke so ke nan, sannan ya kama hanyarsa. Daga baya aka aiko shi da amsa: ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta. A wata na 5 aka yi wannan, a wata na 7 Hananiya ya mutu. Ku lura, cewa Allah zai komo da jama'arsa gaskiya ne. Abin da ya kashe wa'azin Hananiya shi ne ya gajarta wa'adi, ya kuma cire tuba daga ciki, ya sa mutane suka dogara ga ƙarya. Duk ranar da ka yi wa jama'a alkawarin fita daga wahala "cikin watan nan" ba tare da Allah ya aike ka ba, sawunsa kake bi.

Saboda haka kafin ka buɗe baki a kan wata aya, nemi sanin wa ake yi wa magana, kuma a wane gefen rushewa yake tsaye. Shekarun nan ku haddace su, dukansu kafin haihuwar Almasihu ne. Amos wajen 760, lokacin da mulkin arewa, wato Isra'ila, ke cikin wadata. Faɗuwar Samariya, babban birnin mulkin arewa, a hannun Assuriya wajen 722. Harin Sennakerib a kan Yahuza 701. Kwasar farko zuwa Babila 597, ƙone Urushalima da Haikali 587 ko 586. Sairus na Farisa ya ci Babila 539, ya ba da izinin komowa 538, aka gama Haikali na biyu wajen 515. Kafin rushewa, aikin annabi galibi farfasa dogaron banza ne. Bayan rushewa, ɗaure karyayyun zukata ne.

Littafin Ezekiyel ya fi kowanne nuna wannan a fili. Sura 48 gare shi. Daga 1 zuwa 24 hukunci ne a kan Yahuza da Urushalima, daga 25 zuwa 32 a kan al'umman kewaye. A 33:21 wani da ya tsira ya iso ya ce birni ya faɗi, daga nan murya ta sauya: makiyayi na gaskiya a sura 34, sabuwar zuciya a 36, busassun ƙasusuwa a 37. Aya ta 11 ta sura 37 ta faɗi su wane ne ƙasusuwan, wato mutanen da suke cewa begenmu ya ƙare, an datse mu. To ga inda ɓarnar take. In ka karanta wa mai tauye mudu ayar ta'aziyya, ka ƙara masa barci. In ka karanta wa gwauruwa ko wanda rikici ya kora daga gidansa ayar hukunci, ka zuba gishiri a gyambo. Ayar daidai take, kai ne ka ba da magani ba ka duba ciwon ba.

Sai kuma ka tambaya, mene ne laifin da aka ambata da suna? A nan ina so ku zauna da Amos sosai, domin wa'azinmu yakan tsaya a kan "zunubi" a dunƙule, annabawa kuwa ba haka suke yi ba. Amos mutumin Tekowa ne a kudu da Baitalami, makiyayi mai kula da itatuwan ɓaure, aka tura shi arewa. Ya fara da Dimashƙu, ya bi ta Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, kowace da laifinta na rashin imani a yaƙi ko cinikin bayi. Mai sauraro a Betel, wurin ibadar mulkin arewa, yana ta gyaɗa kai, har aka zo kan Yahuza. Sai na takwas ya sauka a kan Isra'ila, ya kuma fi dukan sauran tsawo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Amos kuwa ya bar su suka gama hange kafin ya nuna musu ƙarƙashin ƙafarsu.

Me ya lissafa? Sayar da mai gaskiya saboda azurfa, da matalauci saboda takalmi. Kwanciya kusa da bagade a kan tufafin da aka karɓa jingina, alhali dokar Fitowa 22 ta ce a mayar wa talaka mayafinsa kafin rana ta faɗi, domin shi ne abin rufarsa. Karɓar cin hanci a ƙofar gari, inda ake shari'a. A sura 8 kuma ya shiga kasuwa. 'Yan kasuwa suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, suna ƙaranta efa suna ƙara nauyin shekel. Ku fahimci yadda cutar take aiki. Efa ma'aunin hatsi ne, wajen lita 22. Shekel kuwa dutsen awo ne, wajen giram 11, da shi ake auna azurfar mai saye, tun da ba a fara buga kuɗi a ƙasar ba. In aka rage efa, hatsinka ya ragu. In aka ƙara wa dutse nauyi, azurfar da za ka zuba a sikeli ta ƙaru. Ciniki ɗaya, cuta biyu, sannan a haɗa maka da sharar alkama. Duk wanda ya taɓa sayen tiyar da aka bubbuga gindinta, ko gero mai tsakuwa, ya san abin da Amos yake faɗa. Mutanen nan kuma ba su daina ibada ba. Suna kawo hadaya, suna fitar da zaka, suna rera waƙoƙi. Shi ya sa a 5:21-24 Allah ya ce ya ƙi bukukkuwansu, a ɗauke masa hayaniyar waƙa, shari'ar gaskiya yake so ta malala kamar ruwa. Kai mai riƙe da jita ko ganga a ƙungiyar mawaƙa, wannan nassin da kai ma yake.

Littafin Amos aya 146 ne. Alkawarin sāke ta da bukkar Dawuda da ta faɗi yana cikin ayoyi 5 na ƙarshe, 9:11-15. Wanda ya yi wa'azi a kan waɗannan biyar bai ratsa 141 ɗin da ke gabansu ba, ya ba jama'a rufin ɗaki babu bango.

Yanzu ku masu son ayar hukunci. Na ga abin ya yawaita, da an yi ambaliya ko gobara ko hari a wani gari, sai wani ya ɗora aya a Facebook yana cewa fushin Allah ne ya sauka musu. Wa ya aike ka? Amos 3:2 ya ce saboda ku kaɗai na sani a cikin kabilan duniya, shi ya sa zan hukunta ku. Daga gida ake farawa. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandan fushin Allah, a surar nan kuma ya ce za a hukunta sandan saboda girman kansa. Obadiya, aya 21 kacal, yawancinsa a kan Edom ne, laifinta kuwa ta tsaya kallo tana murna ranar da ɗan'uwanta Yahuza ya faɗi, har ta tare masu gudu a mararraba. Irmiya da ya yi shekara 40 yana shelar rushewa shi ne ya yi fatan kansa ya zama ruwa, idanunsa maɓuɓɓugar hawaye. In kana faɗin hukunci zuciyarka na yi maka daɗi, sauka daga bagade ka je ka yi addu'a tukuna.

Abin da ya ɗaure hukunci da komowa kalma ɗaya ce ta Ibrananci, shub, wato juyowa. Da ita annabawa suke kiran mutane su juyo ga Allah, da ita kuma suke faɗin Allah zai komo da su. Masana harsuna suna danganta ta da kalmar Larabci da ta ba mu "tuba". A gidan maginin tukwane, Irmiya 18, an faɗi ƙa'idar a sarari: in an yanke wa al'umma hukunci ta juyo, za a fasa, in an yi mata alkawarin alheri ta kauce, shi ma za a fasa. Sura 34 kuma ta nuna yadda tuban tsoro yake ƙarewa. Da sojojin Babila suka kewaye birni, Sarki Zadakiya da manya suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da sojojin suka janye na ɗan lokaci, sai suka bi bayin suka sāke kamo su. Sojojin kuwa suka dawo. Shi ya sa in ka kira mutane ga tuba, ka faɗi abin da za a mayar: bashin da aka danne, iyakar gonar da aka ci, kuɗin ƙungiya da aka taɓa, sunan yarinyar da aka ɓata.

Kada kuma ku zana wa mutane komowa kamar an shafe komai an koma jiya. Ishaya ya sa wa ɗansa suna Sheyar-yashub, ma'ana ringi zai komo, ringi kuwa ragowa ce bayan an yi asara. Ezra 2 ya ba da jimillar waɗanda suka komo 42,360, da yawa kuma sun yi zamansu a Babila. Ranar da aka sa harsashin sabon Haikali, matasa na sowa, tsofaffin da suka ga na farko suna kuka da ƙarfi, har ba a iya rarrabe muryoyin. Aiki ya tsaya shekaru, sai a 520 Haggai ya tashe su. Ezekiyel 36 ya ƙara da cewa ba don halinsu aka komo da su ba, don sunan Allah ne, kuma bayan an ba su sabuwar zuciya za su tuna ayyukansu su ji ƙyamar kansu. Wanda Allah ya tayar bayan faɗuwa, kunya da godiya yake ɗauke da su, ba ya buga ƙirji.

In kana shirin koyarwa, karanta littafin gaba ɗaya kafin ka zaɓi aya. Amos ba ya cin rabin awa, Yusha'u da Mika ma zama ɗaya ne. Riƙe biro kala biyu, ka ja layi ƙarƙashin tuhuma da ɗaya, alkawari da ɗaya, ka kuma sa alama a duk inda ka ga "saboda haka", domin nan ne laifi yake haɗuwa da sakamakonsa. Irmiya kuwa ba a jere surorinsa bisa shekaru ba, sai ka duba sunan sarkin da ke farkon sura in an ambata shi, ka buɗe 2 Sarakuna 22 zuwa 25 a gefe.

A wannan makon fara da Irmiya 32. Shekara ta 10 ce ta sarautar Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye birni, Irmiya na tsare a farfajiyar matsara saboda ya ce birnin zai faɗi. Sai ga Hanamel ɗan baffansa ya zo yana tallar gona a Anatot, ƙauyen da ke 'yan kilomitoci arewa maso gabas da Urushalima, a yankin da abokan gaba suka mamaye. Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a sikeli, abin da bai kai giram 200 ba, ya sa hannu a gaban shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk ɗan Neriya ya ce ya sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan. Bayan Baruk ya karɓi takardun, Irmiya ya yi addu'a, a ƙarshenta ya ce wa Allah ga mahaurai an tara a jikin garu, birni na hannun Kaldiyawa, wato mutanen Babila, kai kuwa ka ce in sayi gona. Karanta amsar da aka ba shi daga aya ta 26 har ƙarshen surar, ka ƙirga ayoyi nawa ne na tuhuma kafin a zo aya ta 37.