Riƙon 'ya'yan mage: aikin sati takwas da gidajen Jos za su iya

Duk wanda ya tashi a cikin garin Jos ya san abin da ake yi idan mage ta haihu a gida kuma ba a son 'ya'yan. A samo buhu ko kwali a zuba su, a ba yara su kai bola ko bakin rafin Dilimi. Ba ma kiran abin kisa, cewa muke yi an kai su nesa. Amma ɗan magen da bai buɗe ido ba jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi sai ya kai sati uku zuwa huɗu. A raba shi da cikin uwarsa a hunturun Disamba, a garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da wuya ya ga asuba.

Akwai masu tsintar su. Matan aure ne, da ɗalibai, da masu gadi, wani lokaci har da mahauta da ke ajiye musu ɓarɓashin nama. Yawancinsu ba su da ƙungiya, ba su da asusu, kuma abin da suka fi samu daga maƙwabta shi ne dariya. A ganina waɗannan mutane suna kan daidai, kuma abin da ya rage musu shi ne gidajen da za su karɓi riƙo.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: mutane ba su ƙoshi ba, ana zancen mage? Tambaya ce mai nauyi a wannan tsadar rayuwa, ba zan raina ta ba. Sai dai ba a ce kowa ya ɗauki mage har abada ba, ba a kuma ce a gina musu gida da kuɗin gwamnati ba. Mu da muka saba karɓar ɗan 'yar'uwa mu riƙe shi har uwarsa ta samu sauƙi, mun san yadda riƙo yake. Na ɗan mage sati takwas ne. Daga nan ya iya cin abinci da kansa, sai a miƙa shi ga mai shago ko mai rumbun hatsi da ɓeraye suka addaba.

Batun ɓeraye kuwa, mutanen Jos ba sa bukatar dogon bayani. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa na Borno zuwa asibitin mishan da ke Jos, inda ta rasu, daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Shekara guda bayan haka cutar ta ɓarke a cikin Jos, har ta kashe likita Jeanette Troup. Fitsari da kashin ɓera a kan abinci ne babbar hanyar kamuwa, kuma a cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, bayan rufe hatsi da nisanta shara da gida, har da ajiye mage. To ina hikimar a jefar da mage a bola da rana, a fita neman maganin ɓera da dare, maganin da kaji da ƙananan yara ke iya tsinta?

Musulmin cikinmu sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Buhun da aka ɗaure bakinsa aka ajiye a bola bai yi nisa da wannan kullewa ba. Hadisin Abu Ƙatada ya nuna mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Camfin cewa baƙar mage aljana ce ba dalilin cutar da ita ba ne, kuma ya kamata masu wa'azi su faɗi haka a bainar jama'a, domin yara na jifan dabba har lahira a kan wannan magana.

Tausayi kaɗai ba ya raya ɗan mage, wani lokaci ma shi ke kashe shi. Wanda ya tsinci 'ya'ya a lungu ya dakata tukuna ya duba daga nesa, sau da yawa uwar ta tafi neman abinci ne. In an tabbatar ba ta dawowa, ɗumi ake fara ba su kafin madara: gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a cikin kwali. Madarar shanu na sa su zawo, gara a tambayi likitan dabbobi irin wadda ta dace. Ana ba su duk bayan awa biyu ko uku, har cikin dare, suna kife a kan cikinsu, ba a rigingine ba, don kada su shaƙe. Bayan sun sha sai a shafa ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi, domin ba sa iya fitsari da kashi sai an taimaka musu kamar yadda uwar ke yi da harshe. Kuma don Allah kada a ba mage farasitamol, guba ne a gare ta. Shan wahalar farkon nan ne ya sa mutum ɗaya ba ya iya aikin shi kaɗai. Gida biyar a unguwa, kowa ya karɓi biyu, sun fi mace ɗaya mai maguna ashirin a ɗaki.

Masu ƙorafi ma suna da tasu gaskiyar. Muzuru na cin 'yan tsaki da tantabaru, yana hana barci, mage na iya ɗaukar ciwon haukan kare. Rigakafin wannan na ƙarshe allura ce da ake yi tun tana wata uku, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana nan kusa da Jos. Wanda baƙuwar mage ta ciza ko ta yaƙushe ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Sauran ƙorafin duk daga yawan haihuwa suke. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu bayan sati tara, ta maimaita sau biyu ko uku a shekara. Masu riƙo ko sun kai ɗari ba za su cim ma wannan ba sai an yi wa muzurai fiɗiya, an yi wa mata tiyatar tsayar da haihuwa. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawo da faɗa da kukan dare. Kuɗin tiyatar ne ke korar talaka. Jami'ar Jos na da tsangayar likitancin dabbobi, ƙaramar hukumar Jos ta Arewa na da masu unguwanni da za su iya tara jama'a. Su ware rana ɗaya a wata, a yi fiɗiya da allura a farashi mai sauƙi, a fara da Gangare da Anguwan Rogo da kewayen kasuwar Farin Gada.